Darasi na 14: Batirin Mota da Dabarun Hana Sata

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ku iya:

1. bayyana asalin batirin mota da aikin da yake yi;
2. faɗin alaƙar da ke tsakanin batir da na'urorin hana satar mota;
3. gina sunaye masu farawa da *ma-* daga aikatau.

Karatu

Wataƙila kun taɓa ganin motar haya ta ƙi tashi da sassafe a tasha. Direba ya murɗa makulli sau uku, inji bai amsa ba. Sai ya leƙo ta taga ya ce wa yaran tasha, "Samari, ku taimaka ku tura, batir ya yi sanyi." Mota mai nauyin da ya fi tan guda ta kasa motsi saboda wani ɗan akwati da mutum ɗaya zai iya ɗauka.

A wannan darasi za ku bi tarihin akwatin nan. Za ku ga cewa batir ya sauƙaƙa wa mai mota tayar da motarsa, amma sauƙin da mai mota ya samu, ɓarawo ma ya same shi. Saboda haka masu ƙirƙira suka sake komawa ga wutar batirin, suka yi makulli da ita.

Asalin batir

A shekarar 1800 wani masanin kimiyya ɗan Italiya mai suna Alessandro Volta ya haɗa batir na farko. Ya jera faya-fayan tutiya da na jan ƙarfe, ɗaya bisa ɗaya, yana sanya kwali ko ƙyallen da aka jiƙa da ruwan gishiri a tsakaninsu. Da ya haɗa sama da ƙasa da waya, sai wutar lantarki ta riƙa gudana. Daga sunansa aka samo ma'aunin ƙarfin lantarki. Da yake babu harafin *v* a Hausa, Hausawa kan kira ma'aunin *bolt*.

Batirin Volta yana da aibi guda: idan ƙarfinsa ya ƙare, ya ƙare ke nan. A 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya magance wannan matsala. Ya naɗe fallaye biyu na dalma ba tare da sun taɓa juna ba, ya tsoma su cikin ruwan asid. Wannan shi ne batir na farko da ake iya yi wa caji bayan ya yi sanyi. A 1881 wani Bafaranshen kuma, Camille Faure, ya gano cewa idan aka shafa wa fallayen wani kwaɓin sinadarin dalma, batirin zai riƙe wuta da yawa, kuma ƙera shi zai yi sauƙi. Batirin da ke cikin yawancin motocin da kuke gani a titi jikan wannan ne.

Ku lura, batir ba ya ajiye wuta kamar yadda randa ke ajiye ruwa. Yana ajiye ƙarfi ne a cikin sinadarai. Lokacin da yake ba da wuta, asid yana haɗuwa da fallayen dalma, ruwan batir ya riƙa raguwar kaifi. Lokacin caji kuwa, wutar da ke shiga tana mayar da sinadaran yadda suke a da. A cikin akwatin akwai ɗakuna shida, kowane ɗaki yana ba da bolt biyu da ɗan ɗoriya. Shi ya sa cikakken batir yake nuna kimanin bolt 12.6 a ma'auni.

Tun farko an gwada tuƙa mota da batir kaɗai. A 1899, kusa da birnin Faris, wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya zama mutum na farko da ya wuce gudun kilomita 100 a sa'a cikin mota, kuma motarsa ta lantarki ce. Sai dai dalma tana da nauyi ƙwarai, kuma batirin ba ya kai mota nesa. Don haka motar fetur ta yi rinjaye, batir ya koma mataimakin inji.

Daga ƙarfin damtse zuwa makulli

Motocin fetur na farko ba a tayar da su daga kujerar direba. Sai mutum ya tsaya a gaban mota, ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe a bakin inji, ya juya shi da iyakar ƙarfinsa. Aikin yana da wahala, yana kuma da haɗari, domin wani lokaci inji kan juyo da baya, ƙarfen ya bugi mutum ya karya masa hannu.

Wani injiniya Ba'amurke, Charles Kettering, ya ƙera ƙaramin injin lantarki wanda ke jan wuta mai yawa daga batir na 'yan daƙiƙoƙi, ya juya babban inji har ya kama. Kamfanin Cadillac ya fara sanya shi a motocinsa a 1912. Wannan ita ce na'urar da kanikawa ke kira sitata. Daga nan tsoho da yaro, mai ƙarfi da marar ƙarfi, kowa ya iya tayar da mota.

Gyare-gyare sun ci gaba. A 1949 kamfanin Chrysler ya fito da tsarin da murɗa makulli kaɗai ke tayar da inji. A shekarun 1950 aka bar batir mai bolt 6 aka koma mai bolt 12, domin injuna sun ƙara girma. A shekarun 1960 kuma altaneta ta yaɗu. Ita ce na'urar da inji ke juyawa domin ta mayar wa batir wutar da ya kashe.

To, a nan ne matsala ta kunno kai. A tsohuwar mota, makulli ba ya yin komai illa haɗa wayoyin da ke kai wuta ga inji da sitata. Inji bai san hannun mai shi ba, wuta kawai yake jira. Ɓarawon da ya san wayoyin yana iya haɗa su da kansa ya tafi da mota cikin 'yan mintoci, ba tare da ya taɓa ganin makullin ba.

Makullin da ido ba ya gani

Masu ƙirƙira sun hango wannan haɗari da wuri. A 1919 wasu mutane biyu a Amurka, St. George Evans da Edward Birkenbeuel, suka yi rajistar wata dabara. Sun kafa maɓallai tara a kan wani allo cikin mota, uku a kowane layi. Mai mota kaɗai ya san yadda ake saita su. Idan an saita su daidai, wuta za ta isa fulogi, inji ya tashi. Idan aka yi kuskure, wutar za ta tafi ga hon, mota ta yi ta ƙara tana tsaye. Ku dubi hikimar da ke ciki: wutar da ɓarawo yake son ya tayar da mota da ita, ita ce za ta tona masa asiri.

An daɗe kafin wannan tunani ya shiga motocin kasuwa sosai. A 1986 kamfanin General Motors ya sanya wata 'yar ƙwaya a jikin makullin motarsa Corvette. Ƙwayar tana rage ƙarfin wutar da ke ratsa ta da wani ƙayyadadden adadi, mota kuma tana auna adadin kafin ta yarda ta tashi. Amma iri 15 kawai aka yi, saboda haka mai haƙuri yana iya gwada su ɗaya bayan ɗaya.

A shekarun 1990 aka samu dabarar da ta fi wannan. An ɓoye wata 'yar ƙwayar kwamfuta a cikin baƙar robar da ke kan makulli. Ga yadda take aiki:

1. Direba ya zura makulli ya murɗa.
2. Wata naɗaɗɗiyar waya da ke kewaye da ramin makullin ta aika wa ƙwayar ƙarfin lantarki ta iska. Don haka ƙwayar ba ta buƙatar batirin kanta.
3. Ƙwayar ta farka, ta aika lambar sirri zuwa kwamfutar mota.
4. Idan lambar ta dace, kwamfuta ta saki mai da wuta. Idan ba ta dace ba, inji ba zai kama ba, ko ya kama ya mutu nan take.

Da wannan tsari, haɗa wayoyi ya daina amfani, yanka makulli irin na asali ma bai isa ba. Turawa sun ba na'urar suna mai ma'anar "mai hana motsi". Mu a nan za mu kira ta *dabaibayin lantarki*, domin aikinta ya yi kama da na igiyar da ake ɗaure ƙafafun jaki da ita don kada ya yi nisa.

A 1998 ƙasashen Jamus da Birtaniya suka wajabta sanya ta a kowace sabuwar mota. Ostireliya ta bi sahu a 2001, Kanada kuma a 2007. Wani bincike da masana tattalin arziki suka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa na'urar ta rage satar mota da kimanin kashi 40 cikin ɗari. An kuma ga abin da rashinta ke jawowa. A Amurka doka ba ta tilasta sanya ta ba, kuma kamfanonin Kia da Hyundai sun sayar da motoci masu yawa babu ita. Daga 2021 matasa suka riƙa yaɗa hanyar sace waɗannan motoci a TikTok, satar ta yi yawa a birane irin su Milwaukee, har kamfanonin suka fito da gyara kyauta a 2023.

In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja

Ɓarayi ba su zauna ba. A 1982 kamfanin Renault na Faransa ya fara sayar da mota mai rimot na buɗe ƙofa. Daga baya aka yi motocin da ba a zura musu makulli ko kaɗan. Muddin makullin yana aljihun direba, mota za ta ji saƙonsa ta buɗe, a danna maɓalli ta tashi. Sai ɓarayi suka samo na'urorin da ke ɗauko saƙon makulli daga cikin gida su miƙa shi ga motar da ke waje. Mota takan ɗauka mai ita yana kusa, ta buɗe musu. Maganin wannan ba shi da tsada: a ajiye makulli nesa da ƙofa, ko a cikin gwangwani mai murfi, domin ƙarfe yana tare saƙon. Wasu sababbin makullai kuma sukan daina aika saƙo idan sun daɗe ba a motsa su ba.

A Nijeriya akwai motoci da babura da Keke Napep masu yawa da ba su da dabaibayin lantarki. Ga mai acaba ko mai keke, abin hawan nan shi ne jarinsa, wani lokaci ma bai gama biyan kuɗinsa ba. Shi ya sa mutane ke zuwa wurin mai gyaran lantarkin mota ya sanya musu ɓoyayyen makunni da ke yanke wutar famfon mai ko ta fulogi. Idan kun lura, wannan ita ce dabarar 1919 a sauƙaƙe. Wasu kuma sukan sanya na'urar bin sawu, wadda ke gane inda mota take ta hanyar tauraron ɗan'adam, ta aika wa mai ita saƙo a wayar hannu.

Duk waɗannan na'urori daga batir suke ci. Ƙararrawa da na'urar bin sawu da kwamfutar mota suna shan wuta kaɗan-kaɗan ko da inji yana kashe. Motar da aka ajiye makonni ba a tayar ba, ana iya samun batirinta ya yi sanyi, musamman idan an haɗa na'urorin ba daidai ba. Ɓarawo ma ya san cewa idan ya yanke wayar batir, ƙararrawa za ta yi shiru. Saboda haka ake sanya wa ingantattun ƙararrawa da na'urorin bin sawu ƙaramin batiri nasu na kansu.

Zamanin litiyam

Matsalar nauyi da ta kayar da motar lantarki a farkon ƙarni na 20 ta samu magani daga litiyam, wanda shi ne mafi rashin nauyi a cikin ƙarafa. Masana uku ne suka share hanyar: Stanley Whittingham a shekarun 1970, John Goodenough a 1980, da Akira Yoshino na Japan a 1985. Kamfanin Sony ya fara sayar da batirin a 1991, kuma mutanen uku sun samu lambar yabo ta Nobel a 2019. Irin wannan batir ne ke cikin wayoyinku. Shi ne kuma ya tuƙa motar Tesla ta farko a 2008 da Nissan Leaf a 2010. Ana haƙo duwatsun litiyam a wasu jihohin Nijeriya, ciki har da Nasarawa.

Duk da haka, yawancin motocin lantarki har yanzu suna ɗauke da ƙaramin batir mai bolt 12 ban da babban. Shi ke kula da kwamfuta da makullan ƙofa da ƙararrawa. Idan ya yi sanyi, motar ba za ta tashi ba ko da babban batirin a cike yake.

Idan wata rana kuka mallaki abin hawa, ko kuka koyi sana'ar gyaransa, ku riƙe abubuwa uku. Kada ku kusanci batirin da ake yi wa caji da wuta ko sigari, domin yana fitar da iska mai kamawa da wuta. Kada ku fasa tsohon batir, domin ruwansa yana ƙona fata, dalma kuma guba ce, musamman ga yara; ku mayar da shi wurin masu saye don a sake sarrafa shi. Sannan kada ku dogara da na'ura guda. Ku haɗa ta lantarki da makullin sitiyari, ku kuma ajiye abin hawa inda idon jama'a yake.

Ma'anar kalmomi

- *dalma*: ƙarfe mai nauyi da taushi, mai launin toka
- *tutiya*: farin ƙarfen da ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa
- *falle* (jam'i: fallaye): abu mai faɗi marar kauri
- *kwaɓi*: garin da aka haɗa da ruwa ya yi kauri
- *yin sanyi*: a nan, raguwar ƙarfin batir
- *kunno kai*: fara bayyana
- *tona asiri*: bayyana abin da mutum yake ɓoyewa
- *dabaibayi*: igiyar da ake ɗaure ƙafafun dabba da ita
- *wajabta*: mayar da abu dole
- *bin sahu*: yin abin da wani ya riga ya yi
- *jari*: dukiyar da ake sana'a da ita

Nahawu: sunaye masu farawa da ma-

Hausa tana gina sunaye iri uku daga aikatau ta hanyar ɗafa *ma-* a farkon kalma.

Na farko, sunan kayan aiki. Yakan ƙare da *-i*, jam'insa da *-ai*:

- kulle: makulli, makullai
- buɗe: mabuɗi, mabuɗai
- auna: ma'auni, ma'aunai

Na biyu, sunan mai yin aiki. Yana da na namiji da na mace da jam'i:

- tuƙa: matuƙi, matuƙiya, matuƙa
- ƙera: maƙeri, maƙeriya, maƙera
- rubuta: marubuci, marubuciya, marubuta

Ku lura da yadda *t* ta koma *c* a gaban *i*.

Na uku, sunan wurin da ake yin aiki. Yawanci yakan ƙare da *-a*:

- karanta: makaranta
- ajiye: ma'ajiya
- ƙera: maƙera

Kalmar *maƙera* tana nufin mutanen da ke ƙira, tana kuma nufin wurin ƙira. Rubutunsu ɗaya ne, karin sauti ne ke bambanta su. Ku roƙi malaminku ya furta muku su biyun, ku maimaita.

Tambayoyi

1. Mene ne bambanci tsakanin batirin Volta da na Planté?
2. Ɗakuna nawa ne a cikin batirin mota, kuma bolt nawa cikakken batir yake nunawa?
3. Wane haɗari ne ke cikin tayar da mota kafin 1912?
4. Me ya sa satar tsohuwar mota take da sauƙi?
5. Ku bayyana matakai huɗu na aikin dabaibayin lantarki da kalmominku.
6. Don me ake sanya wa ƙararrawar mota batiri nata na kanta?
7. Wane aiki ƙaramin batir yake yi a cikin motar lantarki?

Aiki

(a) Ku gina sunan kayan aiki daga waɗannan: duba, goge, rataya, kunna.

(b) Ku gina sunan mai yin aiki, namiji da mace da jam'i: noma, ɗinka, aikata.

(c) Ku bayyana ma'anar waɗannan karin magana, sannan ku nuna inda kowanne ya dace da karatun: "Rigakafi ya fi magani." "Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya."

(d) Ku ziyarci mai gyaran lantarkin mota ko mai cajin batir a unguwarku. Ku gaishe shi da Hausa idan yana ji, ku tambaye shi sunayen kayan aikinsa guda biyar da hanyar da yake ba masu babura shawarar bi don kare su daga sata. Ku rubuta abin da kuka samo cikin jimloli goma, ku kawo aji a darasi na gaba.